Idan babu ɗamarar hawa: ɗaurin ƙugu, na bante, na soja ko na cinya?

A bazarar bara akuya ta faɗa rijiya a wani ƙauye da ke kan hanyar Marwa zuwa Mindif, a arewacin Kamaru. Mu aikin kafa farantan sola ne ya kai mu, ni da yarana biyu, muna kan tankin ruwa muka jiyo hayaniya a bayan gari. Ko da muka isa har an naɗa wa wani saurayi igiyar guga a ƙugu, maza huɗu sun riƙe ɗaya bakin, ana shirin zura shi. Zurfin rijiyar zai kai gaba goma sha biyu. Mai ba da umarni wani dattijo ne da ya tsufa a yasar rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, a ba ni ɗan lokaci in sake wa yaron nan ɗauri." Ya karɓi faffaɗar igiyar da na zaro daga jaka, ya murza ta da yatsu, ya ce, "Ɗana, wannan ta ɗaure buhuna a mota ce ko ta ɗaukar mutum?"

Ɗamarar hawa ta gaskiya, wadda masu shago a nan suke kira harnais ko baudrier, na baro ta a Marwa ranar, don na ga tankin yana da tsani da shinge. Sakacina ne. Abin da ke hannuna shi ne igiyar aiki, da ƙugiya mai makulli guda biyu, da sangal biyu, ɗaya mita 7, ɗaya mita 3. Sangal ita ce faffaɗar igiyar nan saƙaƙƙiya mai kama da bel ɗin kujerar mota, sunan daga Faransanci muka aro shi. Da ita ake ɗaura wa mutum abin da zai zauna a ciki a sauke shi ko a jawo shi, kuma ɗaurin iri-iri ne. Huɗu na sani sosai, kowanne na rataye a cikinsa a reshen darbejiyar gidanmu har na ji inda yake ciwo. Masu hawa eriya, da masu sola irina, da masu yasar rijiya, da samarin da ke raka baƙi duwatsun Rumsiki, wata rana za su tsinci kansu inda na tsinci kaina.

A san iyakarsu tun yanzu. Duk huɗun na saukar da mutum ne ko jawo shi a kan igiyar da take a miƙe. Babu wanda aka yi don ya tare mai faɗowa daga sama. Sangal ba ta miƙewa kamar roba. A gwajin da ake yi da nauyin ƙarfe mai kilo 80, faɗuwar mita ɗaya da 'yan kai a kanta tana haifar da fizgar da ta haura tan ɗaya, alhali ƙa'idar Turai ta kayan aikin sama ba ta yarda fizgar da za ta isa jikin ma'aikaci ta wuce kiloniyuton 6 ba, wato wajen kilo 600. Wanda hawa ce sana'arsa ta kullum ya sayi ɗamara mai lambar EN 361 da igiyarta mai rage fizga. Ni maganar ranar da babu nake yi.

Tambayar dattijon ita ce ta farko, domin ɗauri komai kyansa ba ya fin abin da aka yi shi da shi ƙarfi. Sangal ɗin da ta dace ita ce ta nailan mai faɗin milimita 25, mai rami a ciki, in ka matse gefunanta biyu sai bakin ya buɗe kamar tiyo. Sabuwarta tana kai kiloniyuton 17 zuwa 18 kafin ta tsinke. A jikin kaya kN ake rubutawa, kuma ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Waɗanda aka saƙa bisa ƙa'idar EN 565 suna da layukan zare masu launi daban a tsakiyar fuska ɗaya, kowane layi kN 5 yake nufi, layi uku 15 ke nan. Kada adadin ya ruɗe ka. Ƙulli kaɗai yana cin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ko fiye, rana da tsufa su ci nasu.

Wadda ta fi yawa a hannun mutane kuwa ita ce ta ɗaure kaya a manyan motoci, mai ƙarfen ɗamewa. Sabuwa fil tana da ƙarfi, babu musu, amma ko a takardarta an rubuta ba ta ɗaga kaya ba ce, balle mutum. Wadda za ka aro a tasha ta sha ranar hanyar Garwa zuwa Kusuri, ta sha baƙin mai da bakin ƙarfe, ga tauri, ƙulli ba ya kwanciya a jikinta. In ita kaɗai ce a wurin kuma rai ne a ƙasa, a zaɓi wadda ta fi sabunta, a bi ta da yatsu daga baki zuwa baki, a ajiye ƙarfen ɗamewar da ƙugiyoyinta buɗaɗɗu, a yi aiki da zallar igiyar. Akwai kuma masu launi na injin ɗaga kaya, shunayya tan 1, koriya tan 2, rawaya tan 3, ƙarfinsu na tsinkewa ninki bakwai ne na abin da aka rubuta. Sun yi kauri ga ɗaurin jiki, wurinsu gindin bishiya, a naɗa a rataya igiya. Bel ɗin kujera da ake cirowa daga tsofaffin motoci yana da daɗi a cinya don faɗinsa ya kusa santimita 5, sai dai gajere ne, ga santsi, kuma mai yiwuwa motar hatsari ne ya kawo ta wurin.

Wadda nake tsoro ita ce ta masu ɗinkin jaka, da ake aunawa da mita a kasuwa. A ido ba ta da maraba da ta kirki. Yawancinta robar polifirofilin ce, ba ta da ƙarfi, rana kuma tana mayar da ita gari. Yanki ɗan guntu, ka jiƙa shi sosai, ka saka a kofin ruwa: nailan da poliyesta nutsewa suke yi, ita tasowa take. Nutsewar ba shaidar inganci ba ce, amma tasowar ta isa ka ajiye ta. Siririyar nan fara mai sheƙi ta Dyneema, da baƙi masu hawa dutse kan zo da ita, ita ma tana tasowa, amma ita ɗinkakken zobenta kN 22 ne. Matsalarta santsi, ƙulli zamewa yake a jikinta, tana narkewa a zafin digiri 145 ko kusa da haka, kuma don sirantarta tana shiga cinya kamar wuƙa. A yi amfani da ita yadda aka ɗinko ta, kada a yanka a ƙulla.

Mu masu sola akwai abin da ya shafe mu fiye da kowa. Ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ya bar tabon da ido zai gani ba. Sangal ɗin da ta kwana a bayan mota ɗaya da batir mai yoyo ta tashi daga aiki, ko da tana sheƙi kamar jiya aka saye ta.

Ƙullin da ke haɗa baki biyu na sangal shi ne wanda ake kira nœud de sangle da Faransanci, ni ina ce masa ƙullin bin sawu, don haka ake yin sa. Ka yi ƙulli irin na kowa a baki ɗaya, sako-sako, kada sangal ɗin ta murɗe. Ka ɗauko ɗaya bakin ka shigar da shi ta inda na farkon ya fito, ka bi sawunsa a kwance har ka fita ta inda ya shiga. Jela biyu za su fito suna ba juna baya, kada kowace ta gaza santimita 8, faɗin tafin hannu ya fi kwantar da rai. Sannan ka taka ka ja da nauyin jikinka har ya ɗame. Aibinsa sananne ne: in ana ɗora masa nauyi ana saukewa, jelar tana ja da baya kaɗan-kaɗan har ta shige. Ƙullin da ka yi wancan watan, sai ka sake auna jelarsa yau.

Ɗaurin ƙugu shi ne wanda kowa ya sani, shi ne kuma aka yi wa saurayin nan da igiyar guga. Da sangal, ana naɗa mita 4 zuwa 6 sau uku ko huɗu a saman ƙashin ƙugu, a ƙulle, a ɗaura igiya ta kama dukkan naɗin. Masu hawa duwatsun Yosemite a Amurka da shi suka yi ta aiki a shekarun 1960, kafin ɗamarar da ake zama a ciki ta yaɗu, irin wadda Don Whillans, Baturen Ingila mai hawa dutse, ya tsara don hawan dutsen Annapurna na ƙasar Nepal a 1970. Ba a banza suka bar shi ba. Yana da sauri, ko a duhu za ka yi shi, ba ya bukatar ƙugiya, kuma in ya ɗame a saman ƙashi ba ya sulluɓewa ko mutum ya kife. Amma ka gwada rataya a cikinsa. Ni ban cika minti biyu a darbejiya ba na ce a sauke ni. Naɗin haurawa yake ya shige ƙarƙashin haƙarƙari, ya matse ciki, numfashi ya koma rabi-rabi, duk iskar da ka fitar ɗaurin ya cinye wurinta. Mai yasar rijiya da ya ce ya shekara talatin da shi gaskiya ya faɗa, amma ka lura da yadda yake sauka. Ƙafafunsa suna cikin ramukan bango, hannunsa na kan igiya, nauyinsa bai taɓa zama a kan ɗaurin ba. Ranar da ƙafa ta zame ko mugunyar iska ta buge shi, ranar ce ɗaurin zai fara aiki, ranar ce kuma zai shaƙe shi. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta hana tare faɗuwa da bel ɗin ƙugu tun farkon 1998. Inda na yarda da shi shi ne gangaren da mutum ke tafiya da ƙafarsa, igiyar ta zama ta hana zamewa kawai, kamar hanyoyin duwatsun Mandara da damina, ko rufin kwano inda aka gajarta igiyar yadda ba za ka kai baki ba.

Wanda ya fi shi muni shi ne zarge a ƙarƙashin hammata, irin wanda ake jefa wa wanda ya faɗa don a jawo shi. Zarge ƙara shaƙewa yake da nauyi. In kuma aka bar shi sako-sako, mutum yana ɗaga hannu ya zube.

Ɗaurin bante shi ne mafi sauri cikin waɗanda ake zama a ciki. Turawa suna kiransa da sunan Dülfer, wani Bajamushe mai hawa dutse. Ana ƙulla sangal mita 3 zuwa 3 da rabi ta zama zobe. Ka riƙe zoben a bayanka, layi ɗaya a saman ƙugu, ɗaya yana reto a bayan cinyoyi. Ka jawo kunnuwa biyu ta dama da hagu zuwa gaba, ka sa hannu ta tsakanin ƙafafu ka jawo layin ƙasa ya zama kunne na uku, ka haɗa ukun a kan mara. Wanda ya saba ba ya cika minti ɗaya. Babbar falalarsa ita ce ana iya sa wa wani, wanda ya karye a ƙasan rijiya ko ya maƙale a kan eriya tsoro ya kama shi, ba sai ya ɗaga ƙafa ya zura ba. Nauyi a cinya da ɗuwawu yake sauka, numfashi lafiya lau.

Sai dai bante ba ya riƙe kansa. Igiya tana saki ya zame zuwa gwiwa, in ka yi 'yan taku ka sake zama ba lallai layin baya ya koma saman ƙugu ba. Mahaɗinsa kuma yana ƙasa, mai nauyin ƙirji ko mai jaka a baya yana iya kifewa, in ya kife kuwa babu abin da ya kama ƙugunsa sosai da zai hana shi zubewa daga ciki. Ga kuma maganar ƙugiya. An ƙera ta ne ta ɗauki nauyi ta tsawonta, inda take da kN 20 ko fiye, ta faɗinta kuwa wajen 7 ne, dukansu a buge suke a jikinta. Kunnuwa uku ta fuska uku suke janta. Maganin shi ne a zura igiyar kanta ta cikin kunnuwan a yi ƙullin takwas, wato mai siffar lamba 8, ko a samo ƙarfen nan mai kama da takalmin doki da ake rufewa da noti, wanda masu kayan gini ke kira manille, muddin an buga nauyin da yake ɗauka a jikinsa, a kuma ɗaure notin da waya kada ya warware. Ƙugiyoyin rataya makulli da ake tallarsu a bakin titi kuwa, ko akuyar ban yarda a ɗauko da su ba.

Ɗaurin soja, wanda ake kira mazaunin Suwis, sojoji ke koyar da shi don sauka daga bango ko jirgi mai saukar ungulu. Mita 4 zuwa 5 yake ci, kuma yana yiwuwa da igiya mai kaurin milimita 11 in babu sangal. Mai aiki da dama ya sa tsakiyar a kwiɓinsa na hagu, ya zagayo ƙugu, ya murɗa bakunan biyu sau biyu a kan cibiya, ya saukar da su ta tsakanin ƙafafu ba tare da sun gitta juna ba, ya hauro da su ta kan ɗuwawu, ya zura kowanne a ƙarƙashin layin ƙugu. A nan sai ya tsuguna ya ja, ya miƙe, ya sake tsugunawa ya ja, har ya kama jiki. Ya kafe kowane baki a layin ƙugu da rabin ƙulli, ya zagayo da ragowar ya ƙulle a kwiɓin hagu, nesa da hannun da ke riƙe igiya, ya ƙara ƙullin tsaro a kowace jela. Ƙugiya ta kama layukan ƙugu duka biyu a gaba.

Ya fi bante riƙe jiki nesa ba kusa ba. Za ka yi tafiya da shi, ka hau, ka sauka, yana nan inda ka bar shi, ko ka kife ƙugunka a kame yake. Farashinsa zafi. Layukan biyu ta matsematsi suke bi, namijin da bai gyara zamansa ba kafin ya saki nauyi ba sai an ba shi labari ba. Da igiya minti biyar ya isa ka tsane shi, da sangal da ɗan sauƙi. Matakansa ma suna da yawa, mai rawar jiki yana iya tsallake ɗaya, kuma da wuya a ɗaura wa wanda ke kwance tunda sai an tsuguna an miƙe yake ɗamewa.

Ɗaurin cinya shi ne zaɓina in akwai sangal mai tsawo da minti biyar. Mita 6 da rabi zuwa 7 yake so. Kusa da tsakiya ka ninka ka ƙulla zobe daidai kaurin cinyarka a saman wando, ka bar tazarar santimita 15 ko kusa, ka ƙulla na biyu. Su kama cinya, amma tafin hannu ya iya shiga. Ka zura ƙafafu ka jawo su har sama, 'yar gadar da ke tsakaninsu tana gaba. Ragowar bakuna biyun ka naɗe ƙugu da su, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, sau biyu ko uku a saman ƙashi, ka rufe da ƙullin bin sawu a gefe. Igiya ko ƙugiya ta kama gadar da dukkan naɗin ƙugu tare. Wanda ya kama gadar kaɗai kifewa zai yi, wanda ya kama naɗin kaɗai ya koma gidan jiya, ɗaurin ƙugu.

Abin da ya raba shi da na soja shi ne zobunan ƙullallu ne, ba sa ƙara matsewa komai nauyi, kuma a ƙasan ɗuwawu suke zama maimakon matsematsi. Na yi minti goma sha biyar a cikinsa a darbejiya ina shan shayi kafin ƙafa ta fara tsami. Shi ya fi kama da ɗamarar kanti, ana kuma iya ƙulla zobunan tun a gida a ajiye. Aibinsa cin sangal da cin lokaci. Zoben da aka auna a cinyar wani ba zai yi wa wani ba, kwance ƙullin da ya sha nauyi kuwa sai da haƙori da haƙuri.

Ukun nan da ake zama a ciki rauninsu ɗaya: sun dogara da mutum yana farke yana riƙe da igiya. Wanda ya suma baya yake yi, kai ƙasa. A rijiya kuwa suma ba abin mamaki ba ce. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ne, amma a ƙasan tsohuwar rijiya iskar kabon dayoksaid mai nauyi tana taruwa ta kore shi. In kuma an kunna injin jan ruwa mai fetur a ciki ko a bakinta, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutum yana tsaye zai sulale. Shi ya sa duk mai shiga rijiya, da wanda ya ji rauni, da mai kaya a baya, sai na ƙara masa ɗaurin ƙirji.

Zobe ne na sangal wajen mita 3 kafin ƙulli, a rage gwargwadon jiki. A murɗa shi sau ɗaya ya zama kamar lamba 8, a zura hannu ɗaya a kowane rami, gicciyen ya zauna a tsakiyar baya, kunnuwa biyun su haɗu a kan ƙirji cikin ƙugiya. Igiyar da ta taso daga ɗaurin ƙasa ta bi ta cikin ƙugiyar ta wuce sama, kada ta gogi sangal ɗin kanta, don nailan in yana gugar nailan narkewa yake. Nauyi na cinya ne, aikin na ƙirjin kawai ya hana kifewa. In ka ga mutum ya rataye kafaɗunsa sun ɗage har kunnuwa, to ƙirjin ne ya ɗauki nauyin, a sauke shi a gyara. Shi kaɗai kuwa ba a rataya da shi ko na minti ɗaya. Yaran da ake so a zura wai don rijiya ta yi ƙunci ba su da ƙashin ƙugun da zai tare ɗauri. Ni dai ba na ɗaura wa yaro, ko ubansa ne ya roƙe ni.

Ko ɗauri ya yi kyau, rataya babu motsi tana tara jini a ƙafafu, mutum yana iya suma cikin mintuna ƙalilan. A rataya masa wani zobe da zai riƙa takawa yana miƙewa. Wanda ya suma a rataye a gaggauta fito da shi, a kwantar da shi, a kwance ɗaurin, a nufi asibiti. Wanda ake zaton ya karye a baya ko wuya, in ba ruwa ko mugunyar iska ke neman ransa ba, a jira masu ceto. A Kamaru lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, a kira tun kafin a fara, ko da ana ganin za su daɗe.

To wanne za a ɗauka? Ni abu biyu nake dubawa kafin tsawon sangal ma: ko mutumin zai iya suma, da ko shi zai ɗaura wa kansa. Mai shiga rijiya, na cinya da na ƙirji, babu ragi. In sangal guda ce tak mai mita 7, gara a yi na soja da mita 4, a yanke ragowar a yi na ƙirji, da a zuba ta duka a cinya. Wanda aka tarar a kwance, bante da na ƙirji, su ne ake iya sa wa mutum ba tare da an tsayar da shi ba, kuma igiya ta zauna a miƙe tun daga ɗaurawa har fitowa don kada banten ya zame. Lafiyayyen da zai sauko daga tanki ko eriya sau ɗaya saboda tsani ya karye, na soja ya ishe shi, bante ma ya yi in saukar gajera ce kuma babu kaya a bayansa. Mai raka baƙi a Rumsiki da ke son riƙe baƙon da ƙafarsa ke rawa a gangare, na ƙugu ya wadatar muddin babu inda za a rataye. Wanda ka zaɓa dai, ka ɗaura shi sau goma a tsakar gida, har da ido a rufe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Saurayin nan na cinya na yi masa da mita 7, na ƙirji da mita 3. Kafin ya leƙa rijiyar na sa aka jefa igiya a reshen tsamiyar da ke kusa, ya zauna a cikin ɗaurin ƙafarsa tana ɗan taɓa ƙasa, na ce ya saki hannu ya yi kamar ya suma. Bai kife ba, amma zoben hagu ya yi faɗi, muka sake shi. Dattijon ya sa aka zura fitilar ƙwai a guga har ƙasa, ta dawo tana ci. Wannan gwajin nasu na tun kaka da kakanni yana nuna ƙarancin oksijin, don wuta tana mutuwa in ya sauka wajen kashi 16, amma ba ya ganin gubar hayaƙin inji, ba a kuma yin sa a masai ko ramin da iskarsa ke kama wuta. Igiyar guga muka bar wa akuya. Tamu ta aiki muka ɗaura wa saurayin, muka naɗa ta sau biyu a gindin tsamiya don kada nauyinsa ya zauna a hannun mutane kaɗai, muka shimfiɗa buhu inda za ta gogi siminti.

Akuyar ta riga shi fitowa, tana ta kuka, ƙafa ɗaya a karye. Da shi ya fito, dattijon bai ce komai ba sai da ya ɗaga masa riga ya duba haƙarƙarinsa, sannan ya tsuguna a kan ƙullin da ke kwiɓi yana bin sa da yatsa. Ya ce, "Ɗana, kwance ka sake, a hankali, ina kallo." Na kwance na sake har sau uku. Mita 7 ɗin nan a wurinsa na baro ta, bayan ya yi mini alkawarin ba za a shanya ta a rana ba, ba kuma za a ɗaure jaki da ita ba.